Kafin a ce a kori koci, a fara leƙa sito

Duk wanda ke kasa kaya a kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya san hular nan hana-salla mai haruffan NY ko LA a goshi, ko kuwa baƙar nan mai rubutun Sox. Muna saro su muna sayar wa samari, amma ba kowa ba ne ya san cewa tambarin ƙungiyoyin wasan besbol ne na ƙasar Amurka, wato wasan da wani ke jefo ƙwallo, wani ya tare ta da sanda ya buga, sannan ya ruga ya zagaye kusurwoyi huɗu kafin a rubuta wa ƙungiyarsa maki. Bayan kowace hula akwai birni, akwai kuma dubban mutanen da ke cire kuɗin guminsu su sayi tikiti, kuma kowace shekara da zarar watan Mayu ya kama, sai an sami wata ƙungiya da ta fara kakar wasa da tuntuɓe, magoya bayanta sun cika gidajen rediyo da shafukan jaridu da kururuwar a kori wane, a sayar da wane.

Ra'ayinmu a kan wannan kururuwa shi ne: mai biyan kuɗin kallo yana da haƙƙin ya yi magana, kuma sau da yawa idonsa na ganin inda ciwon yake. Inda yakan yi kuskure shi ne wajen rubuta magani, domin yakan yanke hukunci daga cinikin wata biyu kawai ba tare da ya leƙa sito ya ga irin hajar da ke ajiye ba. Babu abin da ya fi nuna haka kamar abin da ya faru da ƙungiyar Nationals ta birnin Washinton a shekarar 2019.

Da farko ya kamata mai karatu ya san tsawon tafiyar. A babbar gasar besbol ta Amurka akwai ƙungiyoyi 30, kuma kowace na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. A irin wannan doguwar kaka babu gwanin da ba ya faɗuwa. Ƙungiyar Astros da ta fi kowa cin wasa a 2019 ta ci 107, amma an doke ta sau 55. Dodgers mai tambarin LA ta ci 106, an doke ta sau 56. Saboda haka a ga ƙungiya ta sha kashi sau huɗu ko biyar a jere ba abin tashin hankali ba ne, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya rufe rumfa don ranar kasuwa ɗaya ta zo da ruwan sama.

To amma halin da Nationals ta shiga ya wuce na ranar ruwa guda. A ranar 23 ga Mayu, 2019, ta kammala wasa huɗu da ƙungiyar Mets a birnin Niyok, an cinye ta duka huɗun, kuma a uku daga cikinsu tana kan gaba har zagaye na takwas daga cikin tara kafin a ƙwace wasan daga hannunta. A wannan rana ta buga wasa 50, ta ci 19, an doke ta sau 31. A ɓangarenta mai ƙungiyoyi 15, Marlins kaɗai ce ta fi ta lalacewa, kuma tazarar wasa goma ce tsakaninta da Phillies da ke jan rukuninsu. Abin da ya ƙara wa magoya baya zafi shi ne, ita wannan Phillies ɗin ita ce ta ɗauke masu tauraronsu Bryce Harper kafin a fara kakar, a kan dalar Amurka miliyan 330 na tsawon shekara 13.

Magoya bayan sun rabu gida uku. Kashi na farko, kuma su ne suka fi ɗaga murya, sun ce a kori kocin, Dave Martinez, ba tare da ɓata lokaci ba. Suna da hujjarsu, domin wanda ya gada, Dusty Baker, ya ci wasa 95 a 2016 da 97 a 2017 amma aka sallame shi, shi kuwa Martinez a shekararsa ta farko wasa 82 kawai ya ci. Kashi na biyu sun ce bana ta riga ta wuce, gara a karya farashi a rabu da manyan ƴan wasa irin su Anthony Rendon, wanda kwantiraginsa ke ƙarewa a ƙarshen shekarar, a karɓi yara masu tasowa kafin ya tafi a banza. Kashi na uku su ne masu cewa a dakata tukuna, kuma a lokacin su ake yi wa kallon masu yaudarar kansu.

Abin da masu cewa a dakata suka duba shi ne sito. Ƙungiyar na da masu jifa uku da kowace ƙungiya ke kwaɗayi, wato Max Scherzer da Stephen Strasburg da Patrick Corbin, wanda aka sayo a ƙarshen 2018 a kan dalar Amurka miliyan 140. A cikin masu bugu kuwa, Trea Turner ya karye a yatsa tun ranar 2 ga Afrilu, bai dawo ba sai tsakiyar Mayu. Rendon ya yi jinyar gwiwar hannu bayan ƙwallo ta same shi, Juan Soto, yaro ɗan shekara 20 a lokacin, ya yi fama da ciwon baya, tsohon hannu Ryan Zimmerman kuma na fama da ƙafa. Wato hajar na nan ba a sayar ba, a hanya ta maƙale. Kuma wasa 50 bai kai sulusin kaka ba, daidai yake da a ce a gasar ƙwallon ƙafa mai wasa 38 an buga 12 ke nan.

Babban manajan ƙungiyar, Mike Rizzo, ya ƙi korar kocin, ya kuma ƙi yin gwanjon ƴan wasa. Shi kuma Martinez ya riƙa nanata wa yaransa cewa su manta da tazarar da aka ba su, su nemi cin wasan ranar kawai. Masu jinya suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan rana zuwa ƙarshen kaka, a cikin wasa 112 da suka rage, Nationals ta ci 74, ta ƙare da nasara 93. Phillies da ta ba ta tazarar wasa goma a watan Mayu ta ƙare da 81, ko zagayen fitar da gwani ba ta samu shiga ba. A watan Oktoba Nationals ta fitar da Brewers, ta fitar da Dodgers, ta share Cardinals wasa huɗu ba ko ɗaya, sannan ta doke Astros a karawar ƙarshe ta World Series a ranar 30 ga Oktoba, bayan ta ci dukkan wasanninta huɗu a gidan abokan hamayya. Wannan shi ne kofi na farko a tarihin ƙungiyar, kuma rabon birnin Washinton da shi tun 1924.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa masu kururuwa ba su ga komai ba. Sun gani sarai. Babban raunin ƙungiyar shi ne masu jifan da ke karɓar aiki a ƙarshen wasa idan babban majefi ya gaji, kuma wannan rauni na gaskiya ne. Ɗaya daga cikinsu, Trevor Rosenthal, ya fito fili sau huɗu a farkon kaka bai fitar da mai bugu ko ɗaya ba, kuma a watan Yuni aka sallame shi. Tun farkon Mayu aka sauya mai horar da masu jifa. A ƙarshen Yuli aka sayo Daniel Hudson daga ƙungiyar birnin Toronto, kuma shi ne ya jefa ƙwallon ƙarshe da ta kawo kofin. Duk da haka raunin bai warke ba har ƙarshen kaka, shi ya sa a wasannin Oktoba kocin ya riƙa jawo manyan masu jifansa suna toshe ɓarakar, har Corbin ya karɓi zagaye uku a wasan ƙarshe ba a ci shi maki ko ɗaya ba. Ke nan magoya baya sun gano inda rufin ke yoyo, sai dai maganin da mafi yawansu suka kawo shi ne a rushe ɗakin gaba ɗaya.

To amma fa a nan ne ya kamata mu ja linzami, domin wannan labari ya zama abin da shugabannin ƙungiyoyi ke fakewa da shi suna ce wa jama'a su yi haƙuri. Gaskiyar magana ita ce irin wannan farfaɗowa ba kasafai take faruwa ba. Kafin Nationals, sai an koma shekarar 1914, zamanin ƙungiyar Braves ta birnin Boston, kafin a sami wadda ta faɗa rami mai zurfin haka kuma ta fito ta ɗauki kofi. Mafi yawan ƙungiyoyin da suka lalace a watan Mayu, a lalace suke ƙarewa. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wadda ba za ta yi kyau ba ma haka.

Mu ɗauki White Sox ta birnin Shikago, mai baƙar hular nan, a shekarar 2024. A wasanninta 25 na farko uku kawai ta ci. Wanda ya ce wa magoya bayanta su tuna da Nationals ya yi masu ba'a ne kawai, domin sitonta ba kamar na Washinton ba ne. A 2023 an riga an doke ta sau 101, an sayar da wasu manyan masu jifanta a tsakiyar wannan shekara, sannan a watan Maris na 2024, ana dab da fara kaka, aka sayar da wanda ya fi kowa a cikin sauran, Dylan Cease. Ita ma ta sami masu rauni a watan Afrilu, amma ko da sun dawo babu isasshen ƙarfi a bayansu. An doke ta sau 21 a jere tsakanin Yuli da Agusta, aka kori kocinta Pedro Grifol, amma ba ta sauya zane ba. Ta ƙare da nasara 41 da shan kashi 121, abin da ba a taɓa gani ba a gasar tun shigowar ƙarni na ashirin. Magoya bayanta a wannan karon ba su tsaya a kan koci ba, suka riƙa rera kira a filin wasa cewa mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, wanda ke riƙe da ita tun 1981, ya sayar da ita. A ganinmu sun fi ƴan uwansu na Washinton sanin inda ya kamata a nuna yatsa.

Shin korar koci ba ta taɓa amfani ke nan? Tana yi, amma bisa sharaɗi. A 2022 Phillies ta ci 22 an doke ta sau 29, ta kori Joe Girardi a farkon Yuni, ta miƙa ragama ga mataimakinsa Rob Thomson, kuma ta kai har World Series. A 2003 Marlins ta sauya koci bayan wasa 38, ta ɗauko dattijo Jack McKeon mai shekara 72, ta kuma doke Yankees mai tambarin NY ta ɗauki kofi. Sai dai waɗannan ƙungiyoyi biyu suna da ƴan wasan da za a iya tayarwa. Inda babu su, sauya koci sauya mai jiran shago ne alhali kantoci babu kaya. A 1988 Orioles ta birnin Baltimo ta kori kocinta bayan an doke ta a wasa shida na farko, sabon ya zo aka ƙara doke su sau 15 a jere kafin su ɗanɗana nasara. A 2025 Rockies ta kori Bud Black bayan ta ci 7 cikin wasa 40, amma ta ƙare kakar da shan kashi 119. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Akwai wani dalili da ya sa wannan magana ta wuce hira ta gindin bishiya. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa mun san cewa ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi takan faɗa ƙaramin rukuni, mai ita ya ji a aljihunsa. A besbol na Amurka babu wannan hukunci. Ko sau nawa aka doke ƙungiya, baɗi tana nan a babbar gasa, tana karɓar rabonta na kuɗin talabijin, ana kuma yanka wa ƙananan ƙungiyoyi wani kaso daga kuɗin shigar manya, har ma ƙungiyoyin da suka fi faɗuwa su ne ke da damar kasancewa kan gaba wajen zaɓen sababbin ƴan wasa. Ma'ana mai ƙungiya zai iya rage kashe kuɗi, ya tara yara masu araha, ya sha kashi shekara da shekaru ba tare da asara ta kama shi ba. Wanda ke ɗaukar asarar shi ne magidancin da ya sayi tikitin kaka guda tun kafin a fara wasa, bisa alkawarin da aka yi masa.

Abin da ya faru a birnin Sinsinati a 2022 ya fito da wannan fili. Ƙungiyar Reds ta ci wasa 83 a 2021, amma a watan Maris na 2022 ta sayar da Sonny Gray da Jesse Winker da Eugenio Suárez. Da jama'a suka yi ƙorafi, shugaban ƙungiyar, Phil Castellini, wanda ɗa ne ga mai ita, ya shiga rediyo ranar wasansu na farko a gida yana tambayar magoya baya ina za su je in sun bar ƙungiyar. Daga baya ya nemi afuwa, amma magana zarar bunu ce. Reds ta ci uku kacal a wasa 25 na farko, ta ƙare da shan kashi 100. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan dillali da ke ganin shi kaɗai ne da kaya a gari, ya san kuma yadda masu saye ke riƙe shi a zuciya.

Ba kuma kullum muryar jama'a ke yin nasara ba. A birnin Oakland, mai ƙungiyar Athletics, John Fisher, ya rabu da manyan ƴan wasansa kafin kakar 2022, sannan a Afrilun 2023 aka bayyana shirin mayar da ƙungiyar birnin Las Vegas. A ranar 13 ga Yuni na wannan shekara, sama da mutum dubu 27 suka cika filin da aka saba gani fayau, sanye da koren riguna masu kiran a sayar da ƙungiyar, don su nuna cewa ba su ne suka gudu ba, korar su aka yi. Duk da haka ƙungiyar ta buga wasanta na ƙarshe a Oakland a Satumban 2024, bayan zaman da ta yi tun 1968. Magoya bayan sun rasa ƙungiyarsu, sai dai sun hana a ɗora masu laifin.

Saboda haka idan muka ji ana ta cece-kuce a kan wata ƙungiya da ta fara kaka da rashin sa'a, tambayoyi uku muke ganin ya kamata mai goyon baya ya yi wa kansa kafin ya buɗe baki. Ta farko, ƴan wasan da aka san su da ƙwarewa suna nan a ƙungiyar suna jinya ko suna laluben hannunsu, ko kuwa an riga an sayar da su? Ta biyu, raunin a wuri ɗaya yake da za a iya toshewa da sayen mutum biyu ko uku kafin a rufe kasuwar ƴan wasa a ƙarshen Yuli, ko kuwa ko'ina aka taɓa ruɓaɓɓe ne? Ta uku, mai ƙungiyar ya zuba kuɗi kafin kaka ko kwashewa ya yi? In amsoshin sun nuna haja na nan, haƙuri shi ne riba, kuma mai gaggawar karya farashi shi zai yi da-na-sani. In kuwa sun nuna sito fanko ne, to ihu a kan koci taimaka wa mai gida ne kawai, domin babu abin da ya fi masa sauƙi kamar ya sallami mutum ɗaya jama'a su huce.

Shi ma haƙurin yana da iyaka, kuma tarihin ita kanta Nationals ya nuna haka. Bayan kofin 2019, Rendon ya tafi, aka sayar da Scherzer da Turner a 2021, aka sayar da Soto a 2022, shekarar da aka doke ƙungiyar sau 107. Shekaru suka yi ta tafiya ba ta sake ƙare kaka da rinjayen nasara ba, har a watan Yulin 2025 masu ƙungiyar suka sallami Martinez da Rizzo a rana ɗaya. Mutum ɗaya ne aka nemi a kora a 2019 aka ƙi, aka kuma kore shi bayan shekara shida, kuma abin da ya bambanta lokutan biyu shi ne ƴan wasan da ke hannunsa. Masu cewa a dakata a Mayun 2019 sun yi daidai ne domin sun ƙirga abin da ke sito kafin su yi magana, kuma da sun tarar babu komai a ciki, da shirunsu shi ne zai zama laifi.